Dutsen da Aka Kawo wa Yayana Sau Biyu

Ranar da muka binne yayana, mata sun wuni suna miƙa hannu suna nuna wa juna zobba. Wannan ta ce nata ya shekara talatin bai canja launi ba, waccan ta ce shi ya ƙera na aurenta, ya kuma ƙera na 'yarta. Tsakar gidansa da ke Muchia ta cika har an rasa inda za a ajiye takalmi. A waje kuwa 'yan kasuwar Sabon Gari ne, Musulmi da Kirista, sun jeru a kan benci ƙarƙashin rumfa, kowa da abin da zai ce. Wani Alhaji mai sayar da agogo ya ce, "In dattijon nan ya ce maka azurfa ce, ba ka neman rantsuwa." Wata 'yar Ibo mai atamfa ta yi ta kuka tana bugun cinya, tana cewa da Hausarta ta kasuwa wai babanta ne ya tafi. Fasto ya ce ikilisiya ta yi rashin ma'auninta. Kowa ya ce amin.

Ni ina zaune a bakin ƙofar ɗakin matarsa, ban yi kuka ba. Na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa Gwaggo ba ta da zuciya. Na ji, ban waiwaya ba. Idona yana kan mutumin da ya biya kuɗin rumfar, ya kawo lemo kwali huɗu, yana zagawa da farar shadda yana riƙe hannun kowa da hannu bibbiyu kamar shi aka yi wa mutuwar. Ɗan sakataren ikilisiyarmu ne, ya ba arba'in baya, dillalin hannun jari. Jakarsa ta fata tana rataye a kafaɗarsa ko a bakin kabari, kuma na san abin da ke cikinta.

Ban yi boko ba. Maƙwabciyata a Samaru, tsohuwar malamar firamare, ita ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Da 'ya'yan yayana suka buga ɗan littafin tunawa da ubansu, kowa an ba shi wuri ya yi magana, har da mai gyaran motar babban ɗansa. Ni da muka sha nono ɗaya ba a tambaye ni ba, domin sun san akwai maganar da ya bar mini, sun kuma so in binne ta tare da shi. To ga nawa littafin.

Maƙerin fari ne, wato azurfa yake ƙerawa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a bayan layin masu ɗinki, in ka shiga sai ka sunkuya. Zugazuginsa na fatar akuya ne irin na da. 'Ya'yansa sun sayo masa na lantarki ya ce ba ya jin numfashinsa, ya ajiye shi a ƙarƙashin gado. Ba ya ciniki sau biyu. Ba ya shan shayi da madara. In yana aiki yana rera waƙar coci ta hanci, baiti ɗaya tal, tun muna yara har ya tsufa bai koyi na biyu ba. Ni auta ce a ɗakinmu, kuma har na yi jikoki "Yarinya" yake ce mini.

Ƙira ita ce sana'arsa, amma gwaji ne ya yi masa suna. Duk macen da za ta sayi sarƙa ko munduwa a Sabon Gari sai ta ce wa mai kaya, "Mu je wurin Baba tukuna." In mai kaya ya yi fuska, ta san amsarta. In sun je, yayana ba ya sauraron kowa. Mai kaya na rantsuwa, shi yana hura wuta. Abin da yake cewa ke nan, "Ni ba na tambayar mutum, wuta nake tambaya."

Yana kuma da wata al'ada. Duk abin da ya gwada ya same shi na gaske, sai ya ɗauki ƙaramin magagari ya yi masa zane uku a wurin da ido ba ya kaiwa, biyu a tsaye, ɗaya a karkace. Dalili kuwa, tun yana saurayi wani ɗan kasuwa ya riƙa kawo masa munduwa ɗaya ta gaske yana maimaitawa, in ya fita sai ya sayar da na jabu da sunansa. Tun daga nan ya ce ba wanda zai sake kawo masa abu ɗaya sau biyu.

Bai iya ƙarya ba ko ta tausayi. Wata gwauruwa daga unguwar Jama'a ta taɓa kawo masa awarwaron da mijinta ya bar mata, tana so ta sayar ta biya haya. Ya goga, ya ɗiga ruwan gwajinsa, ya ce, "Baiwar Allah, wannan farin ƙarfe ne." Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ina wurin, na ce, "Yaya, da ka saya ka yi shiru mana." Ya ce, "In na saya yau, gobe bakina ya zama na haya." Bai ba ta ko kwabo ba. Amma ya tambaye ta ko ta iya sayar da gawayi, ya haɗa ta da mai kawo masa, kuma har ta mutu a wurinta yake saye, ko da nata ya jiƙe, ko da ya fi na kowa tsada. Irin alherinsa ke nan, ba ya zuwa da murmushi.

Wannan mutumin ne dillali ya zo wa da dutse.

Wata Lahadi ce bayan sujada, a inuwar mangwaron coci. Ya buɗe jaka ya fito da wani dutse kamar dunƙulen hannu, mai nauyi, yana ƙyalli kamar kwallin da ba a daka ba. Ya ce wani ƙaramin kamfani ne ya sami izinin haƙa a wani daji mai nisa, ƙasar wurin cike take da dalma da azurfa. Ya ce manyan kamfanoni na masu kuɗi ne, amma ƙarami irin wannan, wanda ya shiga da wuri shi ne zai yi dariya. Ya nuna mana a wayarsa yadda farashin azurfa ke hawa a duniya, wai ana sa ta a farantan hasken rana da cikin wayoyi. Ya fito da takardu masu tambari. Mata suka saurara suka gama, sannan shugabar zumuntar mata ta faɗi abin da kowa ya saba faɗa: "Mu je wurin Baba tukuna."

Dillalin bai yi fuska ba. Ya ce, "Ai dama wurinsa na nufa, Mama."

Washegari shagon ya cika. Yayana ya fasa ɗan gutsure daga dutsen, ya daka, ya zuba a kasko, ya hura wuta har gumi ya jiƙe masa riga. Dalma ta narke ta shige cikin toka, ta bar wani ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ya ɗauke shi da awartaki, ya ɗaga ga haske, ya ce, "Azurfa ce, mai kyau kuwa." Mata suka rangaɗa guɗa. Ya juya dutsen ya yi masa zanensa uku a gindi, ya miƙa wa mai shi.

A nan muka yi faɗan da ya fi kowanne a rayuwarmu. Ni hatsi nake aunawa a kasuwar Samaru tun ina budurwa, kuma na san mai kawo buhu yakan sa mai kyau a baki. Na ce masa a gaban mutane, "Yaya, dutsen ka gwada. Takardar fa, a wace wuta za ka sa ta?"

Ya ce, "Yarinya, ki tsaya a kan mudunki."

Na ce, "Ka ga ramin? Ka ga mai ramin? Dutse za su ba matan nan ko takarda?"

Mata suka yi dariya, wata ta ce Gwaggo ko Mala'ika ya kawo mata gero sai ta zura hannu har ƙasan buhu. Yayana bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara hamsin ban taɓa cewa azurfa ce ta zama wani abu ba. Yau ke za ki koya mini?" Kirsimetin shekarar bai taka gidana ba, kuma shinkafar da na aika masa an ce bai taɓa ba.

Abin da ya ɓatar da shi ke nan, kuma ba wauta ba ce. Duk rayuwarsa abin da ya gwada shi ne abin da ake saye. A ransa, tunda dutsen gaskiya ne, duk abin da ya biyo bayan dutsen gaskiya ne. Mutanenmu kuma ba su san wani ma'auni ba sai shi.

Aka saya. Zumuntar mata suka juye adashinsu. Wani tsohon direba ya sa kuɗin sallamarsa. Mai kifin da ke bakin ƙofar kasuwa ta sayar da firijinta ɗaya. Yayana da kansa ya sayar da rabonsa na gonar da babanmu ya bar mana a Bomo. Yanzu ɗakunan haya na ɗalibai ne a wurin, in na wuce ina jin kiɗa daga inda aka binne cibiyoyinmu. Babban ɗansa ya fi kowa zurfi, har da rance.

Watannin farko lambar farashin da ke cikin wayar dillali ta yi ta hawa. Ana fitowa daga sujada sai a kewaye dillali kamar mai raba alewa. Daga baya ta tsaya, ta fara gangarowa. Aka ce ruwa ya cika ramin. Aka ce inji yana tashar jirgin ruwa. Aka ce wani jami'i ne ya riƙe takarda. Mai kifi ta ce a mayar mata da kuɗinta, ya ce, "Mama, hannun jari ba ajiya ba ne, sai kin sami wanda zai sayi naki." Ta ce, "Wa zai saya?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, sabon labari na tafe."

Sabon labarin ya zo bayan shekara biyu. An buɗe sabon rami, in ji shi, wanda ya fi na farko, kamfani zai fitar da sababbin hannayen jari don a sayi injin janye ruwa. Ga ma dutse daga sabon ramin. A inuwar mangwaron nan dai, dattawa na zaune, mata na tsaye, ya durƙusa ya miƙa wa yayana da hannu biyu.

Ina kallo. Yayana ya auna shi a tafin hannu. Ya juya shi. Sai na ga babban yatsansa ya tsaya a gindin dutsen, yana shafa wuri ɗaya. Ya daɗe. Shugabar zumunta ta ce, "Baba, yaya?" Ya dubi matan nan da suka sa duk abin da suke da shi saboda bakinsa, ya dubi ɗansa. Ya ce, "Azurfa ce." Ya miƙa dutsen, ya ɗauki sandarsa, ya tafi gida ko sallama bai yi ba.

Daga ranar bai ƙara hura wuta ba. Ya ce idonsa ne. In mace ta kawo sarƙa sai ya ce ta kai wani wuri. Ya daina waƙarsa. Jiki ya fara zubewa, asibiti suka ce hawan jini, suka ce zuciya.

Wata Talata da hantsi na kai masa kunun tsamiya. Matarsa ta tafi kasuwa. Yana kwance a tabarma a barandar gidan, ya ce in matso.

Ya ce, "Yarinya, dutsen nan nawa ne."

Na ce, "Wanne?"

"Na biyun. Shi ne na farkon. Sun goge shi da mai, sun fasa masa gefe, amma zanena na nan. Ba wani sabon rami. Ban ma sani ba ko akwai tsohon."

Na ce, "Na ga yatsanka."

Ya rufe ido ya ce, "Na san kin gani. Ke ba abin da ke wuce ki, shi ya sa ba a son zama da ke." Ya yi 'yar dariya, tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Ki faɗa musu. Har yanzu dillalin nan yana sayarwa da sunana."

Da na ce to, da yau ina da sauƙin zuciya. Amma shinkafar Kirsimetin nan tana raina, da dariyar matan nan, da gonar Bomo. Na ce, "Bakinka ne ya sayar, bakinka ne zai warware. Ranar Lahadi zan zo da mai Keke, in riƙe ka har gaban ikilisiya."

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Na ce, "Ka iya ce wa gwauruwa farin ƙarfe ne."

Ya juya fuska ga bango. Lahadi na zo da mai Keke, aka ce jikin ya tashi. Na ce to wata Lahadin. Kwana tara tsakanin maganarmu da mutuwarsa, kuma a cikin kwana taran nan mata biyu suka sayi sabuwar takarda, ɗaya da kuɗin makarantar jikokinta. Wannan ba a wuyan yayana yake ba. A wuyana yake.

Ranar da ya cika na kira babban ɗansa gefe na faɗa masa. Na zaci zai girgiza. Sai ya ce, "Gwaggo, na sani. Ki ba ni wata biyu. Akwai masu son su sayi nawa, in na fita sai ki faɗi abin da kike so."

Na ce, "Su waye masu sayen?"

Ya ce, "Mutane."

Na ce, "Mutanen da za su zo su zauna a tabarmar makokin ubanka?"

Uwarsa ta kama hannuna tana kuka. Ta ce, "Ƙanwata, sunansa kaɗai ya bar mana. Ba gona, ba kuɗi. Ki bar mana shi." Ita ban ga laifinta ba. Shekara arba'in da bakwai tana wanke masa rigunan da gawayi ya ɓata, abin da ta samu ke nan, a ce matar Baba ce.

Na yi shiru ranar jana'iza. Na yi shiru washegari. Rana ta uku da la'asar, an yi addu'a an gama, mutane ba su watse ba, sai dillalin ya miƙe a ƙarƙashin rumfa ya gyara murya. Ya ce Baba uba ne gare shi. Ya ce Baba ya gwada dutsen kamfanin nan har sau biyu da hannunsa mai albarka. Ya ce don girmama shi, an ware wasu hannayen jari da rangwame ga 'yan'uwa da abokan arziki, daga yau zuwa ƙarshen wata. Na ga Alhaji mai agogo yana gyaɗa kai. Na ga 'yar Ibon nan tana taɓa bakin zaninta inda take ƙulle kuɗi.

Mace ba ta ratsa rumfar maza a zaman makoki. Na ratsa. Na ce, "Ɗana, ba ni dutsen in yi masa kallon ƙarshe."

Ya ce, "Mama, ai ba lokacinsa ba ne."

Na ce, "Lokacin talla ya yi, na kallo ne bai yi ba?"

Alhaji ya ce, "Ba ta mana." Ba yadda zai yi, ya fito da shi. Na juya gindin na miƙa wa Alhaji, na ce ya sa tabarau ya faɗi abin da ya gani. Ya ce zane uku, biyu a tsaye, ɗaya a karkace. Na juya wajen mata na ce duk wadda yayana ya taɓa gwada wa zobe ta cire ta duba cikinsa. Na ce, "Dutsen farko ya sa wa alama, a gabanku. Na biyu kun ga ya ɗauki magagari? A ƙarƙashin mangwaro aka miƙa masa, ya mayar. To wa ya yi wannan zanen? Dutse ɗaya ne aka kawo masa sau biyu. Ya gane, ya ji kunya, ya yi shiru, shirun ya kashe shi. Shi ya ce in faɗa muku."

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi ihu. Dillalin ya ce tsufa da baƙin ciki ne ke damun Mama. Ya karɓi dutsensa, ya ce zai dawo da bayani daga ofis, ya hau motarsa. An ce yanzu yana wani gari, kuma takardunsa na ƙa'ida ne, ba abin da za a kama shi da shi. Kamfanin ma an ce yana nan a rubuce.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci an gode mini. Duk mai riƙe da takarda yana jiran wanda zai saya ne ya fita, ni kuwa na kori masu saye. Mai kifi ta tare ni a bakin kasuwa ta ce, "Da kin bari na sayar da tawa tukuna." Tsohon direban ba ya amsa gaisuwata. Babban ɗan yayana ya aiko a ce mini na tozarta ubansa a gaban Musulmi da Kirista, kada ƙafata ta sake taka Muchia. Waɗanda kuɗinsu ya tsira kuwa, su Alhaji, ba su san sun tsira daga komai ba. A wurinsu wata tsohuwa ce ta ɓata zaman makoki.

Ina so a tuna da shi yadda yake. Maƙeri ne da ya yi shekara hamsin bai cuci kowa da ƙwayar gero ba. Ya yi kuskure ɗaya da zuciya ɗaya, ya yi na biyu yana sane, kuma bai mutu ba sai da ya nemi a gyara. Masu cewa bai taɓa kuskure ba, ba shi suke yabo ba, takardunsu suke gadi.

Ranar Lahadi a coci benci guda nake samu ni kaɗai a layi na uku, ba mai zama dama da ni, ba mai zama hagu. Ina zuwa da wuri, in zauna a tsakiyarsa, in ajiye jakata a gefe. Lahadin da ta wuce ana cikin waƙar buɗewa sai na ji an ɗauke jakar an ɗora mini a cinya. Matar yayana ce, cikin baƙaƙen kayanta, ta zauna a gefena. Ba ta dube ni ba har aka tashi. Da za ta fita ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya ci shinkafar nan. Ɓoyewa ya yi ya ci."

A nan na yi kukan da aka ce ba ni da shi.

Yaya, na isar da saƙonka, a makare. Ubangiji ya karɓe ka da jinƙai, ya yafe maka shirunka, ni ma ya yafe mini nawa.